Koren Kwano a Ɗaki na Takwas

Masaukin da nake aiki yana kan hanyar Zobe, in ka fita daga Dutsin-Ma ka bar gidajen ƙarshe a bayanka. Ɗakuna takwas ne a layi ɗaya, da baranda a gaba, da itatuwan darbejiya da suka riga ni zuwa wurin. Shekara tara ke nan makullan ɗakunan suna hannuna. Ni ke duba zanin gado, ni ke faɗa da masu shara, in famfo ya ƙi kawo ruwa ni baƙo zai tasa a gaba kamar ni na shanye. Baƙin namu ba su da yawa: iyayen ɗalibai lokacin bikin gama karatu, masu sarin kifi da tumatirin rani, sai jefi-jefi wasu 'yan birni da kan zo su kalli ruwan dam, su ɗauki hoto, su koma.

Mai wurin wata Hajiya ce, 'yar gidan fataken hatsi, da ta gaji masaukin daga mijinta. Mace ce mai kirki, amma in ta kafe a kan abu sai dai ka bi. A shekarar da nake ba da labari ta gaji da ganin ɗakunan yadda suke, kuma da gaskiyarta. Silin duk taswirar ruwan sama, labulen ɗaki na biyu ja, na ɗaki na uku ruwan ƙasa, na ɗaki na shida kuwa tsohon zanin gado ne da ni da kaina na kai aka yi wa kalmasa. Ta rufe wurin wata biyu. Aka sa tayil, aka sake silin, aka ɗora sola, aka shafe bango da farin fenti. Da ma'aikata suka kusa gamawa ta kira ni baranda, ta ce tana son kowane ɗaki ya koma irin ɗakin amaren da, da gado mai rumfa, da tabarma, da faifai a bango, da jeren kwanuka tun daga kanta har kusa da silin.

“Amma ki ji ni da kyau,” in ji ta. “Fari da shuɗi kawai. Kwano hwari mai bakin shuɗi, zanin gado saƙi, labule saƙi. Wanda ya kwana ɗaki na biyu, in ya dawo aka ba shi na bakwai, ban son ya ce an rage mashi wani abu. Ko faifai guda ya saɓa launi, ke zan tuhuma.”

Na ce to. A raina kuwa na ce ai wannan ba wani aiki ba ne, kwanuka ne kawai.

Neman kwanukan ya ci mini mako uku. Irinsu sun daina zuwa kasuwa, sai a ɗakunan tsofaffi. Na bi Kurfi gida-gida, na shiga Rawayau, na kai har Tamawa a bayan mashin ina riƙe da buhu. Tsofaffin nan sun sha dariya a kaina. Wata ta jawo wani daga gindin randa ta zubar da ruwan ciki, ta ce, “Yo ɗiyata, abin da muke ba kaji ruwa shi ya zama ado a birni? Ɗauka, Allah shi kyauta.” Haka na tara su, manya da ƙanana, kwalla da langa da kwanon sha da faranti. Muka zauna da mai shararmu, wata dattijuwa da muke kira Baba, muka goge su da toka har suka dawo hayyacinsu.

Sai na shiga ɗaki na ɗaya na yi jere da kaina. Wuni guda na yi ina ɗorawa ina saukewa. Da yamma Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wannan ai shagon mai kwanuka ne, ba ɗakin amarya ba.” Raina ya sosu, don na san gaskiya ta faɗa. Ta juyo ta dube ni. “Wai ke ba ɗiyar mai jeren Kurfi ba ce? Mi ya hana ki ɗauko ta?”

Abin da ya hana ni yana da tsawo, kuma ba abin da zan iya gaya wa Hajiya a tsaye ba ne.

Inna, mahaifiyata, ita ce mai jeren da kowa ya sani a Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye. In za a kai amarya, dangi sukan zo tun da sauran kwanaki su roƙe ta. Ni kuma ni ce 'yarta ta fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san ma'anar wannan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so na sai ta ce “ke,” in tana maganata da wani ta ce “waccan.” Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta dubana ido cikin ido. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, ƙanwar babana, da ke bayan gidanmu, can na girma. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba, musamman in na ga ƙannena sun jingina da ita tana tsefe musu kai.

Akwai wani abu da Inna ke yi a kowane jere, wanda matan Kurfi suka san ta da shi. In ta gama, takan ɓoye wani ƙaramin kwano mai murfi a bayan babbar kwalla, cike da dakuwa. Dalilinta kuwa, amarya sabon zuwa kunya ba ta barin ta ci abinci a gidan miji. A kawo tuwo ta ce ta ƙoshi, a kawo fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture, alhali cikinta na kuka. To in mutane suka watse ta rage ita kaɗai, sai ta miƙa hannu bayan kwalla. Ƙawayena da suka riga ni aure duk sun ba ni labari suna dariya, wata ta ce ba don dakuwar Inna ba da a kwana na biyu ta suma.

Da aurena ya zo, Inna ba ta je jere ba. Uwa ba ta zuwa jeren 'yarta, balle ta fari, Gwaggo da sauran dangi suka yi. Ban damu ba, don na tabbata ko ba ta je ba za ta aika. Washegarin kai ni, da hantsi, ƙawaye suka fita rakiyar wasu baƙi, ɗakin ya zama ni kaɗai. Rabona da abinci tun jiya da rana. Na tashi na sa hannu bayan babbar kwalla, ban ji komai ba. Na duba bayan ta biyu. Na sauke langa, na leƙa ƙarƙashin gado, har cikin randa na duba. Babu. Na koma bakin gado na zauna na yi kuka mai isata. Da ƙawayen suka dawo suka ce kukan rabuwa da gida ne, suka yi ta tsokanata, na bar su a haka. Amare ɗai-ɗai har na ƙauyen da ba ta san kowa ba Inna ta tuna da cikinsu, ni da ta haifa ta manta. Wannan magana na riƙe ta shekara ashirin da uku, ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Kuma a duk shekarun nan Inna ba ta taɓa taka ƙofar ɗakina ba. In ta zo Dutsin-Ma duba jikoki, a tsakar gida take zama.

Don haka da Hajiya ta ce in ɗauko ta, sai da na kwana biyu ina jan ƙafa. Daga baya na je Kurfi na gaya wa Gwaggo, ita ta kai maganar. Na yi zaton Inna za ta ce ta tsufa, ƙafa ta hana. Gwaggo ta dawo ta ce, “Ta ce ɗakunan nan, waccan ke kula da su? Na ce i. Ta ce to, jibi.”

Jibin kuwa Inna ta sauka daga mota da ƙunshinta a ka. Ta ƙara ƙanƙancewa fiye da yadda na san ta, amma tafiyar tana nan, ba ta waige. Ta gaisa da Hajiya, ta gaisa da Baba mai shara kamar sun daɗe da sanin juna, ni kuma na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon darbejiya. Tun daga ranar Baba ta zama wayar da ke tsakaninmu. Ina tsaye a gefen Inna za ta ce wa Baba, “Ki ce ma waccan a kawo ƙusa.” Baba ta juyo da fuskarta a ɗaure ta ce, “An ce ki kawo ƙusa.” Ni ma don haushi sai in ce, “Ki ce mata ga shi nan.” Kafinta da mai fenti suna jinmu, suna ƙunshe dariya.

Abu na farko da Inna ta yi, ta sa aka sauke jerena duka, ba ta ce uffan a kansa ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ta baje kwanukan a kan tabarma, ta riƙa ɗaukar kowane ta ƙwanƙwasa da farce ta saurara, ta juya shi ta nemi gefen da ya fi haske. Mai tabo ba ta yar da shi, takan juya tabon ya fuskanci bango. Hajiya ta kawo mata tef ɗin awo don tazarar ta zo daidai a kowane ɗaki. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta gode, ta rataye shi a ƙusa, ta ci gaba da awo da tafin hannunta da yatsu huɗu. Da Hajiya ta bi bayanta da tef ɗin a ɗaki na biyu da na uku, ta iske babu bambancin ko ƙwayar gero. Daga nan ba ta ƙara ɗauko shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take duba aikinta. In ta gama ɗora kwanuka, sai ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta kalla. Sannan ta dawo ta cire takalmi, ta hau gado ta kwanta a gefen dama, ta kalli jeren daga can. Ran farko Baba ta ce, “Inna, gajiya ce?” Ta ce, “A'a. Bakin ƙohwa na uwar miji ne da 'yan ganin ɗaki. Mai ɗakin kuwa daga nan za ta riƙa ganinai kullum in ta buɗe ido. In bai yi mata kyau daga nan ba, ban yi komi ba.” Ta tashi ta matsar da wata langa kaɗan, ta koma ta kwanta, sannan ta yarda.

Ina tsaye a bakin taga ina kallon hannuwanta. Sun yanƙwane, jijiyoyi sun fito, amma ba sa rawa. Ban taɓa samun damar kallon mahaifiyata na tsawon lokaci haka ba, don a gida da na ɗaga ido take tashi. A nan aiki ya ba ni hujja. Nakan ƙirƙiri dalilin shiga ɗakin da take, in ce labule zan gyara, in tsaya ina jan sa hagu da dama. Wani lokaci tana ɗora faranti tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, in ta ji motsina ta yi shiru. Ina son ta ƙwarai, kuma ina jin haushinta ƙwarai, duka biyun a lokaci guda.

Haushin ne ya sa na yi wata magana a rana ta biyu. Hajiya ta hana ajiye abinci a ɗakuna saboda kiyashi da kyankyaso, doka ce tun da daɗewa. Ba wanda ya ce in tuna wa Inna, amma na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce da ƙarfi, “Baba, ki ce mata nan ba amare za su kwana ba. Kada a ɓoye ma kowa komi a bayan kwalla.” Na faɗa ne don ta ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Inna tana riƙe da faranti, ta ɗan tsaya, sannan ta ɗora shi a wurinsa.

Kwana biyar ta yi, tana kwana wajen wata 'yar uwarta a cikin gari. Ɗaki na takwas shi ne na ƙarshe, can kusa da sito. Shi ne wanda ba a cika ba baƙi ba sai wuri ya cika, don haka a nan nake sallar azahar, in ɗan miƙe bayana kafin la'asar. A rana ta biyar Inna ta ce ba ta son kowa ya taya ta a wannan ɗakin, ta turo ƙofa ta yi aikinta ita kaɗai.

Ranar ce kuma Hajiya za ta zo bayan la'asar da wasu ƙawayenta su ga aiki, washegari a buɗe wa baƙi. Tun safe kaina ke zafi. Mai labule ya kawo guda ɗaya da ya gaza tsawo, mai fenti ya ɗiga a kan tayil, rana kuma ta buɗe kamar ta narka mutum. Na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya da tsumma a hannu. Na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, har na bakwai, fari da shuɗi, kamar an buga su da hatimi. Na buɗe na takwas, daga ƙofa shi ma haka. Sai na hau gado da gwiwa don in ja zanin ta can gefen bango. Ina ɗago kai na hango wani abu kore yana leƙowa daga bayan babbar kwalla.

Na sa hannu na jawo shi. Ƙaramin kwano ne mai murfi, kore shar, tsoho, bakinsa duk ya ɓantare. Da nauyinsa. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki. Wato har baƙon da Inna ba ta sani ba, wanda zai kwana ɗaya ya wuce, ta tuna da shi, bayan na hana, kuma a cikin kwanon da ko makaho ya san bai shiga fari da shuɗi ba.

Na fito baranda da shi a hannu. Inna na zaune a tabarma tana ɗaure ƙunshinta, Baba na gefe, kafinta da mai fenti suna wanke hannu. Na ɗaga kwanon sama na ce, “Wa ya cusa wannan a ɗaki na takwas?” Ban bi ta bakin Baba ba wannan karon, na dubi Inna kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce, “An ce hwari da shuɗi. An ce ban da abinci. So ake a kore ni daga aiki? Mutum shi yi ta yi ma 'ya'yan wasu hidima, nashi kuwa ko oho, sannan shi zo shi ɓata man wurin cin abincina da wani tsohon gwangwani!”

Baba ta ce, “Ke! Ke!” Masu wanke hannu suka sunkuyar da kai. Inna ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali, ta zo gabana, ta karɓi kwanon da hannu biyu. Yatsunta suka taɓa nawa, ban tuna rabon da hakan ta faru ba. Ta naɗe shi a bakin mayafinta, ta ɗora ƙunshi a ka, ta ce wa Baba, “Ki ce mata aiki ya ƙare. Allah shi sa albarka.” Ta nufi titi. Baba ta bi ta tana ba ta haƙuri, ta tsaya da ita har ta sami motar Kurfi.

Hajiya ta zo da ƙawayenta, suka bi ɗakunan suna salati. Wata ta ce kamar an dawo mata da ɗakin kakarta, har idonta ya kawo ruwa. Hajiya ta dafa kafaɗata ta ce na fitar da ita kunya. Ta tambayi inda Inna take, na ce ta wuce, tana sauri. Duk yabon nan ban ji daɗin ko ɗaya ba. Da suka tafi Baba ta ƙi kula ni, sai da za ta wuce gida ta tsaya ta ce, “Shekaranjiya ta tambaye ni wane ɗaki kike zama in kin gaji. Ni na nuna mata na takwas. Sai da sahe.”

Da safe na ɗauki butar Inna da ta manta, na hau mota zuwa Kurfi. Gidan Gwaggo na fara shiga, don ita ce wadda nake kai wa ƙara tun ina yarinya. Na zauna na zayyana mata komai, ina gyara labarin yadda laifina zai ragu. Tana jina tana tsinke zogale, har na zo kan kwanon. Sai hannunta ya tsaya.

“Kore kika ce? Ɗan ƙarami, mai murhi, bakin ya ɓantare?”

Na ce i.

Gwaggo ta ture faifan zogalen gefe. Sannan ta ce, “Wayyo ni. Ɗiyar nan, laihina ne.” Ta ce ranar jerena, tun da asuba Inna ta daka dakuwa da hannunta, ta cika wannan kwanon, wanda na uwarta ne, kakata. Ta kira Gwaggo bayan ɗaki ta ba ta a ɓoye, ta ce ta sa shi bayan kwalla, kada kowa ya gani. Gwaggo ta fito da shi, sai aka yi ta kiranta a zo a kama gado a ɗora a mota. Ta ajiye shi a dakalin zaure, aka loda kaya, mota ta tashi da su. Sai da suka dawo da yamma ta iske murfi a ƙasa, akuya ta gama da dakuwar.

“Na wanke shi na maida mata, na hwaɗa mata gaskiya. Ta amshi kwanon ta shige ɗaki. Na ce a sake daka wata in kai miki washegari, ta ce a'a, gida ya cika da 'yan ganin ɗaki, za a gani, a ce ta rasa kunya a kan ɗiyar hwari. Ni kuma nauyi ya hana ni hwaɗa miki. Na ce yarinya ce, ta manta.”

Na ce, “Ban manta ba, Gwaggo.”

Ta ce, “Ita ma ashe ba ta manta ba. Ran da na kai mata maganar aikin nan, bayan ta ce jibi, na ji tana hwaɗi ita kaɗai, wai yau dai an ce ta yi ma waccan jere.”

Tsakanin gidan Gwaggo da namu taku kaɗan ne, amma ranar sai da na tsaya sau biyu a hanya. Na iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, kaji na kewaye da ita. Na ajiye butar, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kwaryar gyaɗa, kamar jiya ba a yi komai ba. Na shirya magana mai tsawo a hanya, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, “Inna, ki yahe man.”

Ta kori wata kaza da bayan hannu, ta ce wa kazar, “Ke kuma kin cika surutu.” Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, tana kallon katanga, “In an shiga ɗaki, akwai kayan wasu a bayan randa. A ɗauke man shi, ya daɗe shina tare man wuri.”

Na shiga. Yana nan a bayan randa, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Na zauna a ƙasa na buɗe murfin. Dakuwar aya ce, an mulmula ta ƙanana, an jera su a zagaye, ɗaya a tsakiya. Na ɗauki ta tsakiyar na sa a baki. Ina da 'ya'ya biyar, babbar ta kusa aure, amma na zauna a ƙasan ɗakin nan ina ci ina kuka kamar amaryar da aka kawo jiya. Sautin ɓarar gyaɗa ya tsaya a waje. Na ji muryarta, ba ta ɗaga ba, kamar da iska take magana.

“Yajin bai yi yawa ba?”

Na haɗiye dakuwar na ce, “Daidai ne.”

“To. Da can dai ba a son yaji.”

Gaskiya ne, tun ina ƙarama ba na son yaji, kuma a gidan Gwaggo na yi ƙuruciyata, ba a gabanta ba. Ban san ta sani ba.

Da na koma Dutsin-Ma na mayar da kwanon inda Inna ta sa shi, a bayan babbar kwalla ta ɗaki na takwas. Sannan na fita na tsaya a bakin ƙofa na duba, na matsa hagu, na matsa dama, na shiga tsakiyar ɗaki. Ba a ganinsa ta ko'ina. Fari da shuɗi ne kawai, daidai da sauran bakwai. Inna ba ta karya dokar launin Hajiya ba, da na bar shi a wurin, da su Hajiya sun shiga sun fita ba su san da shi ba. Sai wanda ya kwanta a gefen dama na gadon ne zai hango bakinsa kore. In za a ba baƙo ɗakin nakan ɗauke shi in kai sito, in ya tafi in dawo da shi. Dokar abincin kuwa, na rufe murfin da kyau, har yau kiyashi bai kai ƙarata ba.

Har yanzu Inna ba ta kiran sunana, in ta zo gidana kuma a tsakar gida take zama. Duk ranar da zan je Kurfi nakan sa kwanon a jaka, wayam. In na gaishe ta sai in shiga ɗaki kamar zan sha ruwa, in ajiye shi a bayan randa, in tafi wajen Gwaggo mu yi hira. Kafin in kama hanya nakan koma in ɗauka, in ji shi da nauyi.